Hunturu a Kogin San Juan, Inda Babban Kifi Ke Cin Ƙaramin Ƙwaro

Daga Albuquerque zuwa madatsar ruwa ta Navajo tafiyar awa uku ce da 'yan mintuna, in Allah ya sa hanya ba ta yi santsi ba. Muna idar da sallar asuba muka fito, ni da yayana da ya daɗe yana aiki a jihar New Mexico ta Amurka, muka ɗauki hanya mai lamba 550 daga Bernalillo muka miƙa arewa maso yamma. Watan Janairu ne. Da muka wuce garin Cuba sai ƙasa ta buɗe: tsaunuka masu shafaffen kai, jar ƙasa da rawaya, gajerun itatuwa jefi-jefi, dusar ƙanƙara kwance duk gefen da rana ba ta leƙa ba. Kafin Bloomfield rijiyoyin iskar gas suka fara bayyana, ko'ina ka duba tanki ne da bututu. Babu abin da zai sa mutum ya yi zaton a tsakiyar wannan ƙeƙasasshiyar ƙasa akwai kogin da ake tasowa daga nesa takanas don a yi fatsa a cikinsa, balle ma cikin hunturu.

Madatsar ce ta jawo haka. Kogin San Juan daga duwatsun kudancin Colorado ya taso, kuma kafin a tare shi, idan ya gangaro nan ruwa ne mai laka, ya yi ɗumi lokacin zafi, ya yi ambaliya idan ƙanƙarar duwatsu ta narke. A 1962 gwamnatin tarayya ta kammala madatsar, tulin ƙasa da duwatsu mai tsayin mita 120 da ɗoriya. Ruwan da ake saki daga can ƙasan tafkin yake fitowa, inda zafin rana ba ya kaiwa, sanyin hunturu ma ba ya kaiwa. Shi ya sa duk tsawon shekara ma'aunin zafinsa yana nan wajen digiri 5 zuwa 8. Kifin tirawut, wanda ruwan sanyi yake so, sai ya samu gida. Safiyar da muka isa ma'aunin mota na nuna 9 ƙasa da sifili, kogin kuwa sai tururi yake yi, don ya fi iskar da ke kansa ɗumi nesa ba kusa ba.

Akwai ɗan ƙauye a ƙasan madatsar, bai wuce 'yan shagunan kayan fatsa da masaukai da wuraren cin abinci ba. Nan muka yanki lasin kamun kifi, ni kuma na yi hayar wandon roba mai zuwa har ƙirji da takalmin shiga ruwa.

Irin fatsar da ake yi a nan ba a sa tana ko wani abin ci a ƙugiya. Zare da gashin tsuntsu da siririyar waya ake naɗawa a jikinta har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke ci. Tunda abin ba shi da nauyin da za a wurga, igiyar ce aka yi wa nauyi: ana kaɗa ta gaba da baya da doguwar sanda mai lanƙwasa har ta miƙe ta kai ƙwaron inda ake so. Na sha ganin hotunan waɗannan ƙwarin bogi, manya masu launi, fuka-fuki a baje. Abin da matar shagon ta tsinto da hantsaki ta zuba mini a ɗan kofin roba bai yi kama da su ba ko kusa. Sai da na kai kofin bakin taga kafin na ga abin da na saya. Kowane ɗaya bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Yaya, da wannan za mu kama kifin da ka ce ya kai kamu guda?"

"Kai dai biya kuɗin," in ji shi. "In mun je bakin ruwa za ka gane."

A bakin ruwan ya tsuguna ya ɗebo dunƙulen gansakuka ya baje a tafin hannunsa. Da farko ban ga komai ba sai kore. Can sai na ga motsi: tsutsotsi sirara, wasu jajaye, wasu ruwan madara, wasu ruwan toka, suna murɗawa. 'Ya'yan wani ƙaramin ƙwaro ne da suke kira mij, mai siffar sauro amma ba ya cizo. Shi ne babban abincin kifin wannan kogi duk shekara, a hunturu kuwa kusan shi kaɗai ya rage, tunda babu fara, babu tururuwa mai faɗowa daga ciyawa, manyan ƙwarin ruwa kuma ba su fara fitowa ba. Kifin da ya kai santimita 45 haka yake wuni, ya tsaya wuri guda cikin ruwa yana buɗe baki yana rufewa, tsutsa ɗaya bayan ɗaya. Ba zai bar layinsa ya bi abin da bai kai ya biya masa wahalar iyo ba. Duk dabarar hunturu a nan take. Kifin ba zai zo wurin ƙwaronka ba, kai ne za ka kai masa har baki.

Zaɓen ƙwaro kuwa da agogo yake tafiya, don rayuwar mij ɗin ma haka take. Da safe tsutsa ce a ƙasa, sai ka ɗaura jan zare zalla a ƙugiya, ko mai ruwan madara. Idan hantsi ya ɗaga tsutsar ta kumbura ta wajen kai, ta tara 'yar iska a cikin fatarta ta fara tasowa sama. A nan ake sa wanda ake kira Zebra Midge, baƙin zare da aka zagaye da farar waya, da ɗan dutsen ado a ka, ko ɗan uwansa mai ruwan ƙasa. Wajen azahar sun kai saman ruwa suna ƙoƙarin fasa fata su tashi, sai a koma ga masu ɗan guntun soso ko zare mai ƙyalli a baya. Ƙugiyoyin lamba gare su, kuma iya girman lamba iya ƙanƙantar ƙugiya. A nan 22 da 24 ne na yau da kullum, akwai masu sauka har 26. Zaren da ake ɗaure su da shi, wanda ake wa laƙabi da 6X, kaurinsa bai wuce milimita 0.13 ba. Ka ƙiyasta zura wannan a idon ƙugiya lamba 24 da yatsun da sanyi ya kashe. Dattawan kogin duk da ɗan gilashin ƙara girma maƙale a bakin hularsu, ban kuwa ga laifinsu ba. Yaya tun a masauki yake ɗaure nasa bibbiyu ya naɗe a guntun soso, ya huta da wannan azaba.

Wani abu kuma da hunturu ke kawowa shi ne juyawar tafki. Ruwa ya fi nauyi idan ya kai wajen digiri 4. Idan sanyi ya kama, ruwan saman tafkin Navajo sai ya huce ya nutse, na ƙasa ya taso, laka ta motsa, kogin da aka sani garau ya koma kore-kore mai duhu. Yakan faro ne wajen ƙarshen shekara, ya ɗauki makonni kafin ya washe. Mun same shi a haka: kana ganin takalminka a ruwa iya gwiwa, ya wuce nan sai lalube. Masu zuwa don su hango kifi su jefa masa ba sa son wannan lokaci. Amma kifin ma ba ya ganinka sosai, ba ya kuma tsayawa binciken zare. Sai dai dole ka ba shi abin da zai hango. Doka ta yarda da ƙwaro biyu a zare ɗaya, don haka na sama ake sa mai ɗaukar ido: ɗan dunƙulen ulu mai ruwan lemo da ke kwaikwayon ƙwan kifi, ko jar tsutsa doguwa irin wadda ta yi suna har ake kiranta San Juan Worm a duk faɗin Amurka, ko baƙin gashin zomo da ke kwaikwayon matsattsaku. Ƙasa da shi da kamar taƙi biyu sai ɗan mij. Babban ya jawo hankalin kifi, ƙaramin ya shiga baki. Mafi yawan lokaci haka abin yake.

Na saurari gardamar launi a shago da bakin ruwa har na gaji: wannan ya ce baƙi ne ke ci yau, wancan ya ce ruwan toka, wani ya rantse da mai jan kai. A ganina rabin wannan gardama hira ce kawai. Abin da na ga yana raba mai kamu da mai tsayuwa shi ne dalma. Ana matse 'yar ƙwayar dalma a zare sama da ƙwarin don ta nutsar da su, can sama kuma a ɗaura ƙullin ulu mai yawo a kan ruwa, wanda zai nuna maka in an taɓa. Tsakanin ulun da dalmar ana barin kamar zurfin ruwan sau ɗaya da rabi. Akwai wani dattijo da ya tsaya ƙasa da ni a Texas Hole, wuri mai zurfi da ya yi suna a kogin. Ban ga ya buɗe akwatin ƙwarinsa ba ko sau ɗaya, amma kowane ɗan lokaci sai ya jawo zare ya matsar da ulun, ko ya ƙara dalma, ko ya rage. Sandarsa ba ta huta ba. Da ya ga ina kallonsa sai ya nuna ƙasa da yatsa ya ce in sauka. Na ƙara ƙwaya ɗaya ƙarama, na ɗaga ulun sama kaɗan, ƙwarin suka fara goga gansakukar ƙasa jefi-jefi. Daga nan labari ya canza.

Bayan zurfi sai tafiyar ƙwaron. Dole ya bi ruwa yadda tsutsa ta gaske za ta bi, ba ja ba turawa. Igiyar da ke kwance a kan ruwa mai sauri takan yi ciki ta finciki ƙwaron, kifi kuwa da ya ga tsutsa na tsere wa ruwa ya san da walakin. Sai ka riƙa ɗaga igiyar kana mayar da ita ta sama, a hankali, ba tare da ka motsa ulun ba. Cin ma ba a jin sa a hannu. Ulun ne zai ɗan tsaya, ko ya karkata, ko ya yi kamar ya yi tuntuɓe. Ka ɗaga sanda nan take, amma da lallashi, in ba haka ba zaren ya tsinke.

Na farkon da ya zo homata tirawut ne irin wanda ake kira mai bakan gizo, bayansa kore mai ɗigo-ɗigon baƙi, jan layi shimfiɗe daga kumatu har wutsiya. Ya ja zare ya yi ƙasa, ya dawo, ya kwanta a zurfi yana girgiza kai, ni kuwa ina ta addu'a kada ƙugiyar ta zare. Da na sunkuya zan cire ta sai na ga ɗan baƙin ɗigo ne kawai a gefen leɓensa na sama. Na kuma ga leɓen: duk tabo, gefe ɗaya ma ya ɗan yage ya warke. Wannan kifi ya sha shiga homa. Kusan kilomita shida na farko daga madatsar zuwa wurin da ake kira Crusher Hole doka ta hana ɗaukar kifi ko ɗaya, kuma dole ƙugiya ta zama mai baki ɗaya, marar ƙayar da ke hana ta fita. Ni da na tashi inda duk kifin da ya shiga hannu tukunya ce makomarsa, sakin bai dame ni yadda na zata ba. In da kowa na ɗauka, da tuni kogin ya ƙare. Tabon nan ne ya tsaya mini a rai. Abin da mutum zai iya shi ne ya gaggauta: ya jiƙa hannu, ya bar kifin cikin ruwa a homa, ya zare ƙugiya ya sake shi. A irin wannan sanyi ɗaga shi sama don hoto zalunci ne, iska na iya daskarar masa da ido da sassan da yake numfashi da su cikin ɗan lokaci.

Ina tsaye a wani wuri mai faɗi sama da Texas Hole, ruwa iya gwiwa, na duba ƙasa sai na ga kifaye jere a bayan ƙafafuna, kusan suna gogar takalmina. Duk motsin da na yi laka ta tashi da tsutsotsi, su kuma suna tsinta. Sun koyi cewa mutum abinci ne ke tafe da shi. Har akwai masu goga ƙafa da gangan su tara kifi sannan su sakar masa ƙugiya a gabansu, abin da dokar jihar ta haramta, kuma masu kogin ba su da abin raini irinsa. Yaya ya hango ni ina kallon ƙasa ya ɗaga murya: "Kar ka ko fara!" Na ce kallo kawai nake yi. Ya kuma nuna mini inda tsakuwa ta yi fes a cikin ruwa marar zurfi, zagaye-zagaye, ya ce kada in taka. Gurbin ƙwai ne. Tirawut mai ruwan ƙasa, wanda asalinsa daga Turai aka kawo shi Amurka a 1883, yana zuba ƙwai daga kaka zuwa farkon hunturu, kuma a nan da kansa yake hayayyafa. Masu bakan gizo kuwa hukuma ce ke zuba mafi yawansu. Ƙwan da ruwa ya kwashe daga irin waɗannan guraben ne ya sa dunƙulen ulu mai ruwan lemo ke ci a wannan lokaci.

Sanyin fa? Sammako ba shi da amfani a hunturu. Kafin ƙarfe goma ruwan da igiya ke ɗebowa daskarewa yake yi a zobban sanda har igiyar ta ƙi wucewa, sai ka tsoma sandar cikin kogi ya narke, ka yi jifa kaɗan ya sake kamawa. Wasu na shafa man leɓe a zobban, yana ɗan taimakawa. Ƙafa ce ke fara mutuwa, sai yatsu. Daga sha ɗaya zuwa uku ne lokacin da ƙwari ke motsi, kifi ma haka; rana na faɗawa bayan tsauni sanyi ya dawo da ƙarfinsa, kafin biyar da rabi duhu ya fara. Alwala kuwa tun daga masauki ake riƙo ta, wanda tasa ta karye a bakin kogi shi ya san abin da ya gani.

Abincin rana miyar koren barkono ce da dankali da nama, da zafinta, a cikin mota. Mutanen jihar nan ba su haɗa barkononsu da komai ba, duk inda ka zauna cin abinci sai an tambaye ka ja ko kore. Har hukumar kula da namun daji da kifi ta raba kogunan tirawut na musamman da sunan barkono, kuma wannan yanki na San Juan jan barkono ne, wato kama ka saki.

Wata rana aka tashi da hadari, babu iska, 'yar dusar ƙanƙara na sauka sama-sama. Ni na ɗauka ranar zaman ɗaki ce, Yaya kuwa har da fito yake yi yana sa takalmi. Irin wannan rana ce betis ke fita, wani ɗan ƙwaro mai koren jiki da fiffike ruwan toka a tsaye. Kaka da bazara ne lokacinsa sosai, amma ko a Janairu in gari ya lumshe yakan leƙo. Muka gangara ƙasa, wajen wata kwana da ma sunansa aka sa mata, Baetis Bend. Bayan azahar sai hancin kifi ya fara huda ruwa a inda ya lafa, nan ɗaya can ɗaya. Muka cire dalma da ulu. Yaya ya ɗaura mini RS2, ƙwaron da Rim Chung ya ƙirƙira a Colorado, ɗan jiki ruwan toka da wutsiya biyu da tsiron gashi a baya, a bayan wani mai yawo a sama da ake kira Griffith's Gnat, wanda ke kwaikwayon mij da suka dunƙule wuri guda. Shi wannan ɗin ana iya hango shi, don haka shi ne idona. Ka zaɓi kifi ɗaya, ka lura da tazarar da yake bari tsakanin tasowa da tasowa, ka ajiye masa ƙwaro sama da shi kaɗan. Sau da yawa ya taso ya ɗauki na gaske da ke gefen naka. Ban kama da yawa ba a ranar, amma in an ce in zaɓa, ita zan zaɓa a kan dukan wunin kallon ulu.

Ana cewa hunturu babu jama'a, amma da sauƙi dai za a ce. Ranar Asabar Texas Hole cike yake, kwale-kwalen 'yan jagora na zagayawa, su tuƙa sama ta gefe su gangaro ta tsakiya, su sake. Wanda ya yarda ya yi tafiyar minti ashirin cikin ciyayi da laka zai samu wurinsa shi kaɗai, daga shi sai agwagin ruwa da zalɓe, wani lokaci da gaggafa mai farin kai a kan busasshen reshe.

Kafin mu juyo mun taka zuwa Simon Canyon, wani kwari da ke buɗewa cikin kogin ta arewa. A ciki akwai ɗan ɗaki na dutse da laka da 'yan ƙabilar Navajo suka gina a kan wani ƙaton dutse a ƙarni na 18, lokacin hare-hare. Wannan yanki shi ne tsohuwar ƙasarsu da suke kira Dinétah. Tafkin da ya haifi kogin tirawut ya shanye wuraren tarihi da ƙauyukan manoma irin su Rosa, ruwan sanyin kuma ya kori kifayen asali daga nan, ciki har da wanda ake kira Colorado pikeminnow, wanda a da yakan kusa tsawon mutum, yau kuma yana cikin jerin masu fuskantar ƙarewa. Sai can ƙasa, bayan Farmington inda kogunan Animas da La Plata suka shigo ruwa ya koma ɗumi da laka, ake fafutukar raya su. Saboda su ne ma, a shekarar da duwatsu suka tara ƙanƙara sosai, hukumar madatsar ke buɗe ruwa a ƙarshen bazara har ya kai kusan kubik mita 140 a daƙiƙa guda, don a kwaikwayi ambaliyar da, alhali a hunturu bai fi kashi ɗaya cikin goma na haka ba. A lokacin duk wuraren da muka tsaya ruwa iya gwiwa sun fi ƙarfin mai tafiya da ƙafa, sai kwale-kwale da dalma mai nauyi. Wanda ke son ya taka kogin da ƙafarsa, ya zo tsakanin Nuwamba da Maris, ya duba yawan ruwan da ake saki kafin ya taso, ya kuma zo da safar hannu fiye da ɗaya, don ta farko ba ta kai azahar ba ta jiƙe.